Kunkurun Gidanku Yana Shan Ruwa Kuwa?

A gidaje da yawa na ƙasar Hausa za ka tarar da kunkuru a wani lungu na tsakar gida, ko bayan randa, ko ƙarƙashin matakala. Wani maigida ne ya sayo wa yara a kasuwa, wani tsaraba aka kawo daga ƙauye, wani kuma tare da gidan aka gaje shi. Kaji suna da kaskon ruwansu, tumaki suna da bahonsu, kyanwa ma ana tunawa da ita. Amma in ka tambaya ina kunkuru yake sha, amsar da aka fi bayarwa ita ce, “Ai kunkuru ba ya shan ruwa.” Wasu su ce raɓa ta ishe shi, wasu su ce ɗan latas ɗin da ake jefa masa ya wadatar.

Ba haka maganar take ba. Kunkuru yana shan ruwa, kuma in ya samu yakan sha da yawa. Abin da ya jawo masa wannan zato shi ne haƙurinsa. Akuya in ta ji ƙishi sai ta cika unguwa da kuka, kaza ta buɗe baki tana haki, shi kuwa sai dai ya ja jikinsa lungu ya yi shiru. Yana iya ɗaukar watanni a haka ba wanda ya lura, kuma ranar da ciwon zai fito fili sau da yawa ƙoda ta riga ta taɓu.

Wane iri ne a gidanku?

Kafin a yi maganar ruwa sai an san dabbar da ake riƙe da ita, domin ba duka ne buƙatarsu ɗaya ba.

Wanda aka fi ajiyewa a Arewa shi ne babban kunkurun Sahel, wanda masana ke kira Centrochelys sulcata. Launinsa ruwan ƙasa ne mai haske kamar yashi, ƙafafunsa na gaba suna da manyan ɓawo masu kauri, a cinyoyinsa na baya kuma akwai wasu ’yan ƙayoyi masu tsini. Asalinsa ɗan yankinmu ne, daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Nijar da arewacin Najeriya da Chadi, har Sudan da Eritriya da Habasha. Shi ne na uku a girma a duk kunkurun tudu na duniya, bayan na tsibiran Galapagos da na Aldabra. Ɗan da kuka saya yana cika tafin hannu yana iya wuce kilo 50 in ya girma, kuma ya haura shekara 70 a raye. Alagba, kunkurun fadar Soun na Ogbomosho da ya mutu a 2019, irin wannan ne, kodayake masana ba su yarda da shekara 344 da aka ce ya yi ba.

Akwai kuma ƙaramin kunkuru wanda bayan ƙoƙonsa ke lanƙwasawa ya rufe ƙafafun baya kamar murfin akwati. Wannan ya fi son inuwa da laima, bayan ganye yana cin dodon koɗi da ƙwari, kuma ya fi saurin bushewa.

Na uku ita ce kififiya, wadda ƙoƙonta ya fi faɗi, ƙafafunta kuma an yi su ne don iyo. Ita a ruwa take rayuwa. Wannan bambanci ya kamata yara su san shi, domin kunkurun tudu ba gwanin iyo ba ne. In aka jefa shi cikin kududdufi ko tankin ruwa da niyyar a faranta masa, nutsewa zai yi.

Sauran bayanin da ke tafe ya fi karkata ga babban kunkurun Sahel.

Yadda yake tsira a daji

In dabbar Sahel ce, me ya sa za ta wahala a gidan da ke Sahel? Amsar tana cikin dabaru uku da yake rayuwa da su a daji.

Ta farko rami. Kunkurun Sahel maginin rami ne, yakan haƙa mai tsawon mitoci ya shige. A can ƙasa akwai sanyi da laima ko da rana tana ƙona saman ƙasa. Da sassafe da yamma yake fitowa kiwo, in zafi ya tsananta kuma yana iya kwana da kwanaki bai leƙo ba. Wato yawancin rayuwarsa a wuri mai laima yake yin ta, ba a filin rana ba.

Ta biyu abinci. Da damina yana cin ɗanyar ciyawa da tsirrai masu ruwa a jiki, ya kuma sha daga ruwan da ya kwanta bayan an yi sama.

Ta uku mafitsara. Mafitsarar kunkuru randa ce. Yana tara ruwa a cikinta, in fari ya zo jikinsa ya riƙa janyo ruwan yana amfani da shi. Sannan dattin da mu muke fitarwa narke cikin fitsari mai yawa, shi yana fitar da mafi yawansa a matsayin wani farin abu mai kauri, sinadarin yurik asid, wanda ba ya cin ruwa sosai.

To ku dubi tsakar gidan yau. An yi daɓen siminti ko an shimfiɗa intalok, babu inda zai haƙa. Babu ciyawa, sai ragowar tuwo da shinkafa. Babu ruwan da zai cika randar tasa. An raba shi da dabara biyu, an bar shi da ta uku, ita kuma in ba a sake cika ta ba sai ta zama cuta. Jiki yana ta janye ruwa daga mafitsara, farin dattin nan yana ƙara kauri, har ya dunƙule ya zama dutse. Likitocin dabbobi sun san irin wannan kunkuru da yawan tsakuwar mafitsara, kuma babba ba ta fita sai da tiyata, wani lokaci sai an yanka ƙoƙon ciki.

Alamomin da za a duba

A ɗakin yara na asibiti, in aka kawo mana jariri mai gudawa, akwai abubuwan da muke dubawa kafin komai: idanu, baki, fitsari, nauyi, da kuzari. Kusan jerin nan ne ake bi a kan kunkuru.

Idanu. Na mai lafiya a buɗe suke, suna sheƙi, sun cika gurbinsu. In sun faɗa ciki, ko yana yawan rufe su da rana, akwai matsala.

Farin da ke fita tare da fitsari. Wannan ita ce alamar da ta fi saurin faɗin gaskiya. In ya fito da laushi kamar kindirmo ko man goge baki, jikinsa yana da ruwa. In ya fito da tsakuwa-tsakuwa kamar yashi, ko a bushe kamar alli, ruwa ya yi ƙaranci. Ku sa leda a hannu ku murza shi, za ku ji bambancin.

Kashi. Na mai cin ciyawa yana fitowa a dunƙule, da ɗan danshi, ana ganin zaren ciyawa a ciki. In ya bushe ƙarau, ko aka yi kwanaki ba a gani ba, ko kuka ga yana ɗaga baya yana nishi ba abin da ya fito, kada a yi wasa.

Baki. Yawu mai kauri da ke yin zare in ya buɗe baki alamar bushewa ce.

Nauyi. Kunkuru mai lafiya in ka ɗauke shi kamar dutse yake a hannu. Wanda ya bushe sai ka ji shi sakayau kamar ƙwarya. Amma hannu yana yaudara, don haka ku sa ƙarami a sikelin kicin rana ɗaya a kowane mako, ku rubuta a littafi. Yadda katin awon jariri ke nuna matsala tun kafin uwa ta gani da ido, haka wannan littafin zai yi muku. Ɗan kunkuru ya kamata ya riƙa ƙaruwa a hankali. In nauyi yana sauka mako biyu ko uku a jere, a nemi dalili.

Kuzari. Mai lafiya yana ɗaga jikinsa sama da ƙasa in yana tafiya, in ka taɓa ƙafarsa ya janye da ƙarfi. Jan ciki, ƙin abinci, da kwanciya wuri ɗaya yini guda ba halin kunkuru ba ne, duk da sunan da ya yi na nawa.

Kaskon ruwa

Abu na farko, kuma mafi sauƙi, shi ne ruwa ya kasance a ajiye kullum. Kunkuru ba ya lasar ruwa kamar kyanwa. Yana tsoma baki da hanci ne a ciki ya riƙa zuƙa a hankali, kuma ya fi son ya shiga da jikinsa gaba ɗaya. Saboda haka kwano mai zurfi da santsi bai dace ba. Ko dai ya kasa kaiwa, ko ya hau baki ya kife. Kaskon ƙasa mai faɗi ya fi komai, ko babban tire mai ɗan baki. A haƙa ƙasa kaɗan a zaunar da shi yadda bakinsa zai yi daidai da ƙasa, a inuwa, kusa da inda yake kwana.

Ruwan da iyali ke sha shi ne ruwansa, na famfo ne, na rijiya ko na burtsatse. Ban da ruwan wanki da na wanke-wanke, kuma a toshe masa hanyar kwata, domin in ya rasa mai kyau can zai nufa. A zubar a sake sabo kowace safiya. Dalili biyu ne: yakan yi kashi a cikin ruwan, sannan ruwan da ya kwana kwanaki a tsakar gida gidan sauro ne, mun kuma san abin da sauro ke jawo wa yara.

Kada ku ce ba ku taɓa ganin yana sha ba don haka a ɗauke kaskon. Sau da yawa yana sha ne lokacin da tsakar gida ta yi tsit.

Jiƙa shi a ruwan ɗumi

Wannan ita ce hanyar da masu kiwon kunkuru da likitocin dabbobi suka fi dogara da ita. Zama cikin ruwan ɗumi yana sa shi ya sha, yana kuma sa shi ya yi fitsari da kashi, wato ya zubar da tsohon ruwan mafitsara ya ɗauki sabo.

A samo baho ko roba mai bango da ba zai iya haurawa ba, a keɓe masa ita shi kaɗai. A sirka ruwa ya yi ɗumi-ɗumi, wajen digiri 30 a ma’aunin Salshiyas. In babu ma’auni a gwada da gwiwar hannu kamar na wankan jariri, sai dai ya ɗan fi wancan sanyi. Zurfin ruwan ya tsaya inda ƙoƙon ciki ya haɗu da na baya, yadda zai iya ɗaga kai ba tare da wahala ba. A bar shi minti 20 zuwa 30. In ruwan ya huce ko ya ɓata shi, a sake wani. Kada a tafi a bar shi, musamman ƙarami, domin in ya kife ruwa kaɗan ya isa ya kashe shi. Kada kuma a ajiye robar a rana, don ruwa kaɗan yana saurin zafi.

Ɗan da bai kai shekara ba yana buƙatar wannan kusan kullum. Mai tasowa sau biyu ko uku a mako. Babba sau ɗaya a mako ya isa, a ƙara a hunturu da bazara. Wanda ya yi girman da ba a iya ɗauka, a yi masa ɗan kwari a ƙasa a inuwa, a riƙa zuba ruwa ya zama taɓo. Za ku ga ya shiga ya kwanta, yana watsa taɓon a bayansa da ƙafafun gaba. Ba ƙazanta ba ce, sanyaya jiki yake yi.

A kula da yadda ake ɗaukarsa. Kunkuru in ya tsorata yakan saki fitsari gaba ɗaya. Yara suna dariya, amma ajiyarsa ta makonni ce ta zube a ƙasa. A ɗauke shi da hannu biyu, a kwance yadda yake tafiya, kusa da ƙasa, kuma a hana yara juya shi ko yawo da shi. In ya saki fitsarin, a jiƙa shi a ranar.

Abinci ma ruwa ne

Kunkurun Sahel makiyayi ne kamar saniya. Mafi yawan abincinsa ya zama ciyawa, irin su kiri-kiri da harkiya, ɗanya da damina, busasshiya da rani. In busasshiya ce a yayyafa mata ruwa ko a ɗan jiƙa ta kafin a ba shi. Ana iya ƙara ganyen rama, ganyen kabewa, latas da kokwamba. Ganyen da aka sayo a kasuwa a wanke shi sosai saboda maganin feshi, a miƙa masa da ruwan a jiki.

Kankana da gwanda da mangwaro suna da ruwa, kuma yana son su, amma sukarinsu yana ɓata masa ciki ya jawo gudawa, gudawa kuma ruwa take ɗebewa. A bar su a matsayin ɗan marmari jefi-jefi. Alayyahu ma kada ya zama na kullum.

Abin da ya fi cutarwa shi ne nama, kifi, wake, ƙuli-ƙuli, abincin kaji, da yawan harawa. Duk suna da sinadarin gina jiki fiye da abin da jikinsa ke buƙata, kuma rarar ita ce ke komawa farin dattin nan da ke zama dutse. Ragowar tuwo da miya kuma ga gishiri ga mai. A kuma duba gida a cire tumfafiya da zurma daga inda yake kiwo, domin guba ne.

Mafaka mai laima

Kun taɓa ganin kunkurun da ƙoƙon bayansa ya yi tudu-tudu kamar an jera ƙananan dala? Wasu suna ɗauka ado ne. Na daji bayansa sumul yake. A 2003 masu bincike a jami’ar likitancin dabbobi ta birnin Biyana da ke Ostiriya sun wallafa sakamakon renon ’ya’yan wannan kunkuru 50 na tsawon wata 5, wasu a wuri mai laima, wasu a busasshe. Waɗanda suka tashi a busasshen wuri su ne suka fi yin tudun. In kuma ƙoƙo ya riga ya tashi a haka, ba ya komawa.

Don haka ko gidan duk siminti ne, a ware masa wani ɓangare mai ƙasa. A ɗan gina masa ɗaki da bulo, ko a kifa tsohuwar randa da aka fasa wa gefe, a zuba ƙasa mai kauri a ciki yadda zai iya tona ya binne rabin jikinsa. A riƙa yayyafa ruwa ƙasar ta yi danshi, ba ta yi caɓi ba. A bar masa kuma wuri busasshe da inda rana ke sauka, ya zaɓa da kansa.

Kowane lokaci da nasa

Hunturu ya fi kowane lokaci yaudara. Ba a jin zafi, don haka ba a tuna ƙishi, alhali iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya tana busar da shi ma. Sai dai sanyi da jiƙa in suka haɗu suna jawo masa ciwon huhu. A jiƙa shi da hantsi bayan ya sha rana, a goge shi, a mayar da shi rana kaɗan. Da dare a zuba masa busasshiyar ciyawa a ɗaki, a rufe ƙofar da buhu. Ƙarami a shigo da shi ciki.

Da bazara, a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri inda zafi ke wuce digiri 40, daɓen siminti yakan zama kamar tanda. Kunkurun da ya kife a rana, ko aka ɗaure shi inda inuwa ta gushe, yana iya mutuwa kafin a dawo daga kasuwa. In kuka ga yana kumfa a baki ko yana shafa yawu a ƙafafun gaba, zafi ya kai masa iyaka. A kai shi inuwa nan take, a riƙa zuba masa ruwan randa a hankali. Ban da ruwan firji ko ƙanƙara.

Da damina kuma a duba kada ruwa ya cika masa rami ko ɗaki.

Akwai al’adu biyu da ya kamata a bari. Huda gefen ƙoƙo a ɗaura igiya: ƙoƙon nan ƙashi ne mai rai, da jini da jijiyoyi, yana jin zafi, kuma ɗaurin ne ke hana shi bin inuwa da ruwa. Sai shafa masa mai ko fenti don ya yi sheƙi: ba ya ƙara masa ruwa ko kaɗan, sai dai ya tara ƙura da datti.

Lafiyar iyali

Nan ne aikina ya fi shafa. Kunkuru, kamar ƙadangare da sauran danginsu, yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a hanjinsa ba tare da ya yi ciwo ba. Tana fita a kashi, ta zauna a ƙoƙo da ruwan da ya zauna a ciki. In ta shiga cikin mutum tana kawo gudawa, zazzaɓi da ciwon ciki. Saboda yawan yaran da suka kamu ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru da ba su kai inci 4 ba tun 1975.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne yara ’yan ƙasa da shekara 5, masu juna biyu, tsofaffi, da masu raunin garkuwar jiki. Iyayen masu sikila su ƙara kula, domin a jikinsu wannan ƙwaya tana iya kaiwa har cikin ƙashi.

Wannan ba ya nufin a rabu da kunkurun. A wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi ko kayansa. Robarsa da sosonsa kada su haɗu da na wanka ko na kicin. A zubar da ruwan a masai ko gindin bishiya, nesa da rijiya da wurin wanke-wanke da inda yara ke rarrafe. Kuma robar da ke da ruwa, ko kaɗan ne, ba a barin ta kusa da yaro mai koyon tafiya.

Yaushe za a nemi likita?

In an yi kwana biyu ko uku ana jiƙa shi bai farfaɗo ba, ko idanu sun ƙi buɗewa, ko ya daina cin abinci sama da mako, ko yana jan ƙafafun baya, ko akwai jini a fitsari, ko majina da kumfa a hanci, ko wani nama ya leƙo ta ƙarƙashin wutsiya ya ƙi komawa, aikin ya wuce na gida. Likita zai iya yi masa hoto ya ga ko akwai dutse, ya kuma yi masa ƙarin ruwa ta allura. Akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a Jami’ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Jami’ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Jami’ar Maiduguri, ban da asibitocin dabbobi na jihohi.

Kafin a kai shi, kada a buɗe masa baki da ƙarfi a ɗura ruwa da sirinji ko cokali. Kunkuru ba ya iya tari yadda muke yi, ruwan da ya kauce hanya huhu zai tafi ya zauna. Haka nan kada a ba shi maganin mutane ko ruwan gishiri da sukari sai da umarnin likita.

A ƙarshe, ga wanda ke shirin saye: wannan kunkuru yana cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa a daji, kuma tun shekarar 2000 yarjejeniyar CITES ta hana fitar da waɗanda aka kamo daga daji zuwa ƙasashen waje don kasuwanci. Duk wanda aka ɗauko daga daji aka kawo kasuwa, giɓi ne aka bari a can. Wanda kuma ya riga ya shigo gidanku amana ce, tunda ku kuka kewaye shi da katanga, ba shi da hanyar zuwa neman ruwa da kansa. A ba ɗaya daga cikin manyan yara aikin kaskon kowace safiya, a sa ranar jiƙawa da ranar awo a kalandar gida. Kunkurun da aka kula da shi haka yana iya ganin jikokin yaron da ke zuba masa ruwa yau.